Makaranta da Aikin da Ke Jiran Ɗalibinta: Ilmin Boko a Arewa Tun Daga 1909

A cikin shekarar 1909 Gwamnatin Turawa ta buɗe makarantu biyu a ƙasar da daga baya ta zama Nijeriya, ɗaya a Ikko, ɗaya a Kano. Ta Ikko ita ce wadda a ke kira King's College, an kuwa kafa ta ne domin ta shirya samari su ɗauki jarrabawar shiga Jami'ar London. Ta Kano ita ce makarantar Nasarawa, wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fara da malamai kaɗan waɗanda sun riga sun yi karatun Muhammadiyya, ya koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa cikin harshen Hausa. Shekararsu ɗaya, amma aikin da a ka nufi ɗaliban kowace da shi daban ne, kuma daga wannan bambanci ne yawancin abin da ya faru ga ilmi a Arewa cikin shekara hamsin da suka biyo baya ya samo asali.

Ɗan Hausa bai tarar da ƙasa marar makaranta ba. Bisa ƙiyasin su Turawan da kansu, makarantun allo da ke Arewa a farkon mulkinsu ba su gaza 20,000 ba, ga kuma zaurukan ilmi inda a ke karanta fiƙihu da nahawu da lugga. Waɗannan makarantu sun san aikin da su ke yi wa tanadi: alƙalanci, limanci, koyarwa, da aikin magatakarda a fada ko a gidan babban falke. Sana'ar hannu kuwa, kamar ƙira da jima da rini da saƙa, a gida a ke gadonta. Abin da ya sauya bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 shi ne aikin mulki. Haraji da jangali suka koma ga tsabar kuɗi, a na ƙidaya, a na rubutawa cikin littafi, a na kai wa baitulmali, sa'an nan Razdan ya na son ya karanta lissafin da idonsa. Yawancin Turawan mulki ba su iya ajami ba, don haka a ka ga sauƙin a koya wa malami haruffan Rumawa bisa ga a koya wa Bature na Larabci. Mutanen gari suka kira sabon rubutun boko, kalmar da a Hausa ke nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda a ke cewa amaryar boko. Zancen da a kan ji cewa daga kalmar Ingilishi mai ma'anar littafi a ka aro ta, masana harshe sun nuna ba shi da tushe.

Akwai kuma matsalar amana. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma ƙoƙarin da Likita Miller na Mishan ya yi a Zariya na tara 'ya'yan sarakuna da malamai a makarantarsa bai yi nisa ba, domin iyaye sun yi zaton juya musu 'ya'ya za a yi. Shi kansa Ɗan Hausa da aikin Mishan ya fara zuwa ƙasar, kafin ya koma aikin mulki a Barno, ya kuma ratso Sahara daga Tarabulus a 1906. Ya fahimci inda tsoron ya ke. Kafin ya buɗe makaranta ya je ya dubo yadda a ke yi a Masar da Sudan, ya dawo ya tsara wuri inda yaro zai yi salla a kan lokaci, ya sa riga da hula irin ta gida, ya durƙusa ya gai da na gaba. A wannan fuska ya ci nasara, domin sarakuna sun aiko da 'ya'yansu daga larduna da dama.

Amma tun makarantar ba ta yi shekara uku ba duniya ta sake juyawa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, a 1912 kuwa cinikin gyada ya buɗe. Nan da nan a ka bukaci masu aikin tasha, da masu buga waya, da masu buga tafireta, da akawunan kanti masu riƙe littafin ciniki na kamfanonin Turawa. Duk waɗannan ayyuka da Ingilishi a ke yin su, ita kuwa Nasarawa da Hausa ta ke koyarwa, Ingilishi sai can gaba kuma ga 'yan kaɗan. A Kudu makarantun Mishan sun riga sun shekara sittin da wani abu su na aiki, makarantar sakandare ta farko ma tun 1859 a ka buɗe ta a Ikko. Sai jirgin da ke kwasar gyada zuwa teku ya riƙa dawowa da akawuna daga Ikko da Saliyo da ƙasar da a yanzu a ke kira Ghana, har a ka yanka musu unguwa, Sabon Gari, a wajen ganuwar Kano a 1913. Wannan ba sakaci ba ne. Da gangan manyan Turawan Arewa suka taƙaita Ingilishi, domin ba su son a sami irin 'yan bokon Ikko masu sukar Gwamnati a jarida. Sun sami kwanciyar hankalin da su ke so, Arewa kuwa ta biya kuɗinsa daga baya.

Sashen sana'a na Nasarawa ya cancanci a tsaya a kansa, saboda abin da ya same shi ya yi ta maimaituwa. An koyar da kafinta da ƙira da dukanci da gini, an kuma yi kayayyaki masu kyau. Sai dai yaro da ubansa duka su na gani da idonsu cewa wanda ya fita da alƙalami ya kan zama malamin hakimi ko ma'aji, ya hau doki, a kira shi Malam, wanda ya fita da zarto kuwa ya na ƙarƙashin Wakilin Sana'a a kan ɗan abin da bai kai na wancan ba. Ga shi kuma a al'adar ƙasar kowace sana'a da gidanta da matsayinta, ɗan sarauta ba ya zama maƙeri don Bature ya ce ƙira na da amfani. Ba jawabin shugaban makaranta ke gaya wa ɗalibi darajar darasi ba, takardar albashi ce ke gaya masa.

Bayan Ɗan Hausa ya bar ƙasar a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, aikin ya koma makarantun larduna, nan kuwa a ka ga babu malaman da za su riƙe su. Wannan ne dalilin kafa Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a watan Maris 1922. Karatunta shekara biyar ne, da Ingilishi a ke koyarwa, an kuma ba tarbiyya da wasanni muhimmanci ƙwarai. Ɗalibanta kaɗan ne, amma zaɓaɓɓu. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928 ya fita a 1933 ya koyar a Midil ta Bauci, haka kuma Abubakar Imam da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida. Malaman makaranta a ka yi niyyar fitarwa, sai ga shi an sami 'yan majalisa da ministoci da Firimiya da Firayim Minista. Babu wanda ya koya musu wannan aiki a aji. Abin da suka samu shi ne harshe mai kyau, da iya tsara magana, da sanin juna tun su na samari daga Barno har Ilorin. Duk da haka Kwalejin ta na da iyakarta: ba a shirya ta domin ta kai ɗalibi jami'a ba. Ba abin mamaki ba ne da likita na farko ɗan Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, ya fito daga hannun Mishan na Zariya, ya bi ta King's College ta Ikko kafin ya tafi Birmingham. An mai da Kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Barewa.

A tsakanin nan a ka buɗe ƙananan makarantun da kowace aiki guda ta sa gaba, ta aikin gona a Samaru, ta duba-gari a Kano, ta haɗa magunguna a Zariya inda Sa'adu Zungur ya koyar, ta malaman dabbobi a Vom. Makarantun 'yan mata na farko na En'e sai 1930, a Kano da Katsina. Da a ka ga yaran da suka koyi boko ba su da abin karantawa, sai Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta East ta sa gasar rubutu a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, a 1939 kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa.

Misalin da ya fi kowane nuna yadda tsohon ilmi ke iya karɓar sabon aiki ba tare da ya zubar da kansa ba shi ne na makarantar alƙalai ta Kano. Shari'a ba ta sauya ba a lokacin, littattafan Malikiyya ne dai, Risala da Tuhfa da Muhtasar. Yadda a ke gudanar da kotu ne ya sauya: a na son rijista, da rasit, da rubutaccen hukunci wanda za a iya dubawa in an ɗaukaka ƙara. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya fara da makarantar Shahuci a 1928, a 1934 kuma a ka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa. Abin lura shi ne inda a ka fara. An fara da neman malamai ne, a ka ɗauko shehunnai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir er-Rayyah, mutanen da suka san fiƙihu sanin da babu malamin zaure da zai raina, suka kuma saba da aji da alli da jadawali da jarrabawa. Ɗalibi ya ga ashe a na iya karanta Muhtasar a kan benci ba tare da albarkarsa ta ragu ba. A 1947 a ka faɗaɗa ta, ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ta na fitar da malaman Larabci tare da alƙalai, a na koyar da Ingilishi da lissafi. Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ɗalibinta ne, daga baya kuma ya ƙaro ilmi a Baht er-Ruda ta Sudan. Daga cikin wannan makaranta ne a ka ɓullo da sashen da ya zama Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ƙaramin iri ne, amma an shuka shi inda ƙasa ta riga ta jiƙa.

Gasar da a ka yi shekara arba'in a na kau da kai daga gare ta ta bayyana a fili da zancen mulkin kai ya taso. Da Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai a 1953 cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi yarda da a yanka rana. An yi musu ihu a Ikko, an kira su 'yan amshin shatan Turawa, a watan Mayu kuma a ka yi tarzoma a Kano. Amma lissafin da ke zuciyarsu mai sauƙi ne: in Turawa suka tashi a lokacin, babu isassun 'yan Arewa da za su zauna a kujerunsu. Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a 1955, tazarar sai ƙaruwa ta ke yi. Gwamnatin Sardauna ta amsa da manufar mai da aikin Gwamnati hannun 'yan Arewa, watau in akwai ɗan Arewa shi za a ɗauka, in babu a ɗauki Bature na ɗan lokaci bisa yarjejeniya, ɗan Kudu sai in an rasa duka biyun. Manufa irin wannan ba ta tsayuwa sai da makaranta a bayanta. Makarantar akawuna da ke Kongo a Zariya a ka ɗaukaka a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, a ka riƙa ɗebo malaman makaranta da ma'aikatan En'e a na yi musu horon gaggawa su fito su riƙe gunduma. An buɗe makarantar fasaha a Kaduna a 1956, shekara guda kafin masaƙar Kaduna ta fara aiki. Sa'ad da kwamitin masana shari'a na 1958, wanda Babban Jojin Sudan Abu Rannat ya shugabanta, ya kai ga kafa sabuwar dokar hukunta laifuffuka da ta fara aiki a 1960, alƙalai masu furfura suka koma aji a Kongo domin su koyi aiki da ita. Rahoton Ashby na 1960 ya ƙiyasta yawan ƙwararrun da ƙasa za ta bukata, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962.

Wannan zamani ya yi abin da a ka nufa da shi, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo. Sai dai ya bar wani gado mai nauyi. Tun da kusan duk wanda ya gama makaranta kujera na jiransa, wani lokaci har da bashin mota, sai jama'a suka ɗauka ma'anar makaranta ke nan: ƙofar shiga aikin Gwamnati. Takardar shaida ta zama ita ce dukiyar, abin da ke cikin kai ya koma baya.

Kuɗin man fetur ya zo ya faɗaɗa kome. Janar Gowon ya yi shelar ilmin firamare kyauta ga kowa a 1974, a ka fara a watan Satumba 1976 zamanin Janar Obasanjo. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. A wurare da yawa a gindin bishiya a ka zauna. Wannan karon an fara da shela, malamai suka biyo baya a guje: a ka yi ta horon gaggawa, a ka ɗauki waɗanda ba su ci jarrabawar malanta ba, a ka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin ta koyar da su ta hanyar wasiƙa su na bakin aiki. Miliyoyin 'ya'yan talakawa da 'yan mata sun shiga aji waɗanda da ba za su taɓa shiga ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma malamin firamare, wanda a zamanin Midil shi ne na kusa da hakimi a idon gari, ya zama mutumin da albashinsa ke makara wata da watanni.

Ba a daɗe ba ɗa'a ta nuna alamar rauni. A 1977 takardun jarrabawar WAEC suka fita kasuwa kafin ranar zama, har Gwamnati ta kafa kotun bincike, kalmar "expo" kuma ta shiga bakin 'yan makaranta. A 1984 Gwamnatin soja ta sa hukuncin ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, a 1999 a ka sake wata dokar. Tsananin hukunci bai kashe cutar ba, domin ba daga yara ta taso ba. In takarda guda ita ce ke raba mai albashi da marar shi, masu nema sun ninka kujeru, malamin da zai sa ido kuma ya na bin bashin wata uku, to, za a sami mai saye da mai sayarwa. An kafa JAMB a 1978 domin ta tsara shiga jami'a, a ka ware kaso ga jihohin da a ka ce su na baya a ilmi, watau tazarar 1909 ce har yanzu a ke ƙoƙarin cikewa da lissafin kaso.

Masu tsara ilmi ba su jahilci matsalar ba. Tun a taron manhaja na ƙasa da a ka yi a Ikko a 1969 an yi kukan cewa makarantun da a ka gada akawuna kawai su ke fitarwa. Daga nan a ka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 wanda ya fara aiki a 1982, daidai lokacin da yaran 1976 suka gama firamare. A takarda tsarin ba shi da aibu. Cikin shekara uku na ƙaramar sakandare kowane yaro zai taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki da noma da kasuwanci, a auna shi a kai a kai maimakon jarrabawa guda, sa'an nan a raba, wasu su wuce babbar sakandare, wasu kwalejin fasaha, wasu koyon sana'a. An sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai a ka rarraba wa makarantu. Sai dai a makarantu masu yawa babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya taɓa kunna irinsu, ga farashin mai ya faɗi, an shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, a 1986 kuma a ka shiga shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira. Injuna suka shekara cikin akwatunansu a bayan ofishin shugaban makaranta, wasu suka yi tsatsa, wasu suka yi ƙafa. A ka koma koyar da fasaha da alli, yaro ya zana zarto a littafi, ya haddace sunayen sassansa, ya ci jarrabawa bai taɓa yanka katako ba.

Ko da an kafa injunan, da sauran magana. Ma'aikatar da ta ce a girmama aikin hannu ita ce kuma ta yi shekaru ta na tsai da mai babbar difloma ta kwalejin fasaha a wani matakin albashi da ba ya wucewa, mai digiri kuwa ya wuce har ƙoli. Iyaye sun karanta wannan kamar yadda kakanninsu suka karanta na Nasarawa, kowa ya tura ɗansa layin jami'a. Masana'antun da za su ɗauki masu fasahar su ma suka fara rufewa. Masaƙar Kaduna ta 1957 ta tsaya a 2002, da yawa daga na Bompai da Sharaɗa a Kano suka bi sahu.

Koyon sana'a bai mutu ba, wurin zama ya sauya. A Panteka ta Kaduna da garejojin bakin hanya yara sun ci gaba da koyon walda da ƙira da gyaran mota a hannun masu gida, ba manhaja, ba takardar shaida. Da wayar salula ta shigo a 2001, masu gyaranta na farko a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano a wurin junansu suka koya, tun kafin wata makaranta ta sa abin cikin darasi. A 1999 a ka sake ƙaddamar da ilmin bai ɗaya a Sakkwato, a ka kuma ba jami'o'i masu zaman kansu izni, mai hali ya sami inda zai kai ɗansa. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mai da ita dole ga kowa a 2015. A shekarun farko na wannan tsari an sha ganin ɗalibai daga makarantun ƙauye waɗanda suka ci darasin kwamfuta a takarda, amma ranar jarrabawar ce ranar farko da suka ɗora yatsa a kanta.